Tambayoyin Masu Karatu: Haɗa Kayan 'Yan Fashin Teku da Hannu a Birnin Kano

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare da ke Gwale, kuma ni ke kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantar. Muna shirya wasa a kan 'yan fashin tekun da suka addabi gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 18. Na ga yadda wasu ƙungiyoyi a Turai da Amurka suke ɗinka tufafin wancan zamani da hannunsu, su kafa sansani, su nuna wa jama'a yadda aka rayu, kuma ina so mu yi irin haka. Sai dai ɗalibaina sun nace sai an samo musu dogon takalmi da ɗan kunne da abin rufe ido ɗaya, irin na fim. Daga ina ya kamata mu fara? Daga wani malami, Gwale.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara da raba ɗalibanka da hoton da fim ya dasa musu, domin mafi yawan abin da suke nema masu zane da marubutan ƙarni na 19 ne suka ƙawata shi, shekaru fiye da 100 bayan mutanen sun shuɗe. Zamanin da kake magana a kai, wato daga wajen 1716 zuwa 1726, ɗan fashin teku ma'aikacin jirgi ne kawai wanda ya juya wa doka baya, kuma tufafin da ke jikinsa su ne na kowane talakan matuƙi. Misali na kusa shi ne Bartholomew Roberts, mutumin Wales, wanda yake aiki a wani jirgin fataucin bayi lokacin da 'yan fashi suka kama jirgin a Anomabu, a ƙasar Gana ta yau, a 1719. Makonni kaɗan bayan haka aka kashe shugabansu, Howell Davis, a tsibirin Principe, sai suka zaɓi Roberts ya gaje shi. Mutanen da ke ƙarƙashinsa hawan igiya suke yi, suna jan filafilan jirgi a cikin iska da ruwan gishiri, don haka dogon takalmi, wanda na mahaya doki ne, ba zai yi musu amfani ba. Ƙaramin takalmin fata mai maɗauri ɗaya a bisa ƙafa suke sawa, sau da yawa kuma a kan jirgi ƙafa a ƙasa suke aiki. Shaidar ɗan kunne a wancan zamani ba ta da ƙarfi, kuma hakan ya hutar da kai gardama da iyayen yara.

Riga ita ce tushe, kuma a nan Kano ta fi garuruwa da yawa sa'a, domin yadda ake yanka rigar matuƙin wancan lokaci bai yi nisa da yadda tsofaffin maɗinkanmu suke haɗa taguwa ba. Babu lanƙwasa ko ɗaya a cikin yankan. Jikin rigar dogon ƙyalle ne guda da ake ninkewa a kafaɗa ya sauko har kusa da gwiwa, a tsaga wuya a tsakiya, a ƙara tsaga ta gangaro ƙirji. Kowane hannu ƙyalle ne mai kusurwa huɗu wanda ake tattarawa a kafaɗa da wuyan hannu, sannan a saka wani ɗan ƙyalle mai faɗin tafin hannu a hammata, wanda shi ne ke ba mutum damar ɗaga hannu sama ba tare da rigar ta yage ba. Yadi uku yakan ishi babban ɗalibi. Asalin yadin lilin ne, amma idan ya yi tsada a Kantin Kwari, ku sayi akoko, ku wanke shi sau biyu kafin almakashi ya taɓa shi, saboda yana shiga ruwa sosai. Kwangilar tufafin da rundunar ruwa ta Ingila ta bayar a 1706 ta ambaci riguna masu ratsin shuɗi da fari a gicciye, da gajerun kwat na ulu masu ruwan toka da jan shafi da maɓallan tagulla. Saboda haka wanda ya sami saƙi mai ƙananan gidaje a Kasuwar Kurmi, ya ɗinka wa mutum biyu ko uku, bai kauce wa tarihi ba.

Wando iri biyu ne: mai faɗi wanda ya tsaya a ƙasan gwiwa a buɗe, da dogo mai kaiwa idon sawu, dukansu da yadi mai kauri. A kai kuwa hular saƙa ta ulu mai ruwan ƙasa ce ta fi yawa, kuma duk macen da ke saƙa hular jarirai za ta iya yin ta idan aka ba ta awon kai. Hular nan mai kusurwa uku faffaɗar hula ce da aka naɗe bakinta ta gefe uku aka ɗinke, kuma ta fi dacewa da shugabanni. Ku yi guda biyu kawai, ko da malafa mai laushi ce aka lulluɓe da baƙin ƙyalle.

Ado ka bar wa mutum ɗaya. Littafin tarihin 'yan fashin teku da aka buga a Landan a 1724 da sunan Kyaftin Charles Johnson ya bayyana shigar Roberts a ranar da aka kashe shi, 10 ga Fabrairu, 1722, a kusa da Cape Lopez ta ƙasar Gabon ta yau: falmaran da wando na jan yadi mai fure a saƙe, jan gashin tsuntsu a hula, da sarƙar zinariya a wuya. Jar shadda za ta yi maka wannan aiki. Darasin wasan yana cikin bambancin da masu kallo za su gani tsakanin wannan mutum ɗaya da sauran talatin masu faci a gwiwa, kuma idan ka yi wa kowa ado, ka zubar da shi.

Tambaya: Ni tela ce a Fagge, an kawo mini aikin irin waɗannan kaya. Shin lallai ne sai da hannu, alhali ga keke? Wane launi ya halatta? Sannan akwai 'yan mata a cikin masu wasan, me za su saka? Daga wata mai ɗinki, Fagge.

Amsa: Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a. Keken ɗinki bai shigo hannun jama'a ba sai a tsakiyar ƙarni na 19, bayan Elias Howe ya yi rajistar nasa a 1846, Singer kuma ya biyo a 1851, don haka duk rigar da matuƙi ya saka a 1720 allura da zare ne suka haɗa ta, sau da yawa ma shi da kansa ya ɗinka daga ragowar filafilin jirgi. Masu tsananta wa kansu a wannan harka ba sa yarda keke ya taɓa kayansu. Ra'ayina shi ne, idan aikin na makaranta ne kuma lokaci ya ƙure, ki bi dogayen ɗinkunan ciki da keke, amma duk abin da ido zai gani, wato kalmasa, wuya, bakin hannu da ramin maɓalli, ki yi da hannu. Ki goga zaren a jikin kakin zuma kafin ki zura, zai daina sarƙewa kuma zai ƙara ƙarfi. Wurin haɗa ƙyalle biyu, ki yi ɗinkin da allura ke komawa baya kafin ta ci gaba, sannan ki rage bakin ɗaya, ki kwantar da ɗayan a kansa ki kalmashe, ta yadda babu zaren da zai warware a wanki. Kada zif ko roba ko maɓallin roba su shiga aikin. Maɓalli na ƙashi, na ƙaho, na itace ko na tagulla ake so, kuma ɗan guntun itace da aka lulluɓe da ƙyallen rigar ma ya wadatar.

Batun launi shi ne inda aka fi yin kuskure. Rinin kemikal ya fara ne a 1856, lokacin da William Perkin ya gano wani launi mai ruwan shanshanbale a Landan, saboda haka launukan da ke ƙyalli a idon mutum ba na wancan zamani ba ne. Shuɗinsu na baba ne, irin wanda har yau ake yi a marinar Ƙofar Mata, kuma ki gaya wa marinin cewa tsoma biyu ko uku kike so, shuɗi mai haske wanda ya yi kama da wanda rana ta ci. Ruwan bagaruwa yana ba da launin ƙasa, idan kuma aka jiƙa tsatsattsun ƙusoshi aka zuba ruwan a kai, sai ya koma toka-toka har zuwa baƙi, gwargwadon yawan abin da aka zuba. Ki gwada a kan guntu tukuna, domin ƙarfen idan ya yi yawa yana cin yadi. Kaya sababbi fil suna ƙaryata wasan tun kafin a buɗe baki, don haka bayan ɗinki a tsoma farare a ruwan shayi mai kauri, a shanya a rana, a goga gwiwa da gwiwar hannu a kan dutse, a ɗora faci da ƙyallen da bai yi daidai da launin ba.

'Yan mata kuwa tarihi ya yi musu sauƙi. A shari'ar da aka yi wa Anne Bonny da Mary Read, wasu mata biyu 'yan fashin teku, a Jamaika a 1720, wata mata da suka tare kwalekwalenta ta ba da shaida cewa suna sanye da kwat irin na maza da dogon wando, da ƙyalle ɗaure a ka. Riga mai yalwa har gwiwa, wando mai faɗi har idon sawu, kwat a sama da ɗankwali da ya rufe gashi duka, shiga ce da ta dace da shaidar kotu, kuma ba ta saɓa wa suturar da iyaye za su yarda da ita ba.

Tambaya: Ni ɗalibi ne, ni aka ɗora wa haɗa makamai da tuta da akwatin dukiya. Wani abokina ya ce zai aro mana bindigar toka daga ƙauyensu, maƙeri kuma ya ƙera mana takubba. Hakan ya yi? Daga wani ɗalibi, Ɗorayi.

Amsa: Bai yi ba, ɗana, kuma ka gaya wa abokinka ya bar bindigar inda take. Gaskiya ne bindigar toka mai ƙanƙara 'yar gida ɗaya ce da ta 'yan fashin wancan lokaci, kuma idan kana so ka ga yadda ake ɗura ta da albarushi, ka lura da 'yan bindiga a Hawan Sallah. Amma doka ta nemi lasisi hatta ga irin wannan bindiga, kuma tsohuwar bindiga da ake zaton babu komai a cikinta ta sha raunata mutane. Takobin ƙarfe, ko da ba a wasa shi ba, yana fasa kai. Ka je 'Yan Katako a Na'ibawa ka sayi ragowar katako mara nauyi, kafinta ya yanka maka gajerun takubba masu ɗan lanƙwasa, tsawonsu bai wuce ƙafa biyu da 'yan kai ba, domin a cunkoson jirgi dogon takobi maƙalewa yake yi a igiya. A dakushe tsinin, a shafa fenti ruwan toka, a goga garin bakin fensir a kai har ya ɗauki ƙyallin ƙarfe. Kube da hamila kuwa aikin dukawa ne, kuma a nan ba ka da abin koya musu. Jar fatar akuya da ake jemewa da bagaruwa a rina da karan dafi ita ce fataken Sahara suka riƙa kaiwa arewa har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko.

Ƙaramar bindiga ka sassaƙa ta daga katako guda, ka ɗora guntun bututu da aka toshe bakinsa, ƙarar harbi kuma wani ya buga allo biyu a bayan fage. Harbi ɗaya take yi kafin a sake ɗuri, shi ya sa aka ruwaito cewa Edward Teach, wanda ake kira Blackbeard, yana rataya guda shida a ƙirji. Ranar ɗaukar kayan zuwa wurin wasa ku zuba su a buhu, kuma malaminku ya sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda na yankin, domin a garin da aka sha fama da 'yan daba, samari goma riƙe da abin da ya yi kama da makami ba sa samun damar yin bayani.

Tuta ba iri ɗaya ba ce, kowane shugaba da tasa. Ɗaya daga cikin na Roberts tana nuna shi tsaye a kan ƙoƙon kai biyu, da haruffan ABH da AMH a ƙarƙashi, barazana ga mutanen tsibiran Barbados da Martinique da suka yi farautarsa. A yanko siffofin daga farin ƙyalle a ɗinka a kan baƙi, kada a buga a inji. Kuɗin da suka fi yawo a tekun azurfar Sifaniya ce mai nauyin kimanin giram 27, wadda ake bugawa a Potosi da Lima da birnin Meziko, kuma ba a kewaye take sosai ba, domin yanko ta ake yi daga sandar azurfa a buga mata hatimi da guduma. Masu zubin tukunyar alminiyum za su zubo maka irinta da yawa idan ka sassaƙa musu samfuri. Ka guji dalma, guba ce ga yara. Tunda wasanku a gaɓarmu yake, ka ƙara da wuri daga Kurmi da 'yan jakunkunan fata a matsayin garin zinariya. Lokacin da aka gano ɓaraguzan jirgin 'yan fashi mai suna Whydah a 1984, wanda ya nitse da Sam Bellamy da mutanensa a gaɓar Amurka a watan Afrilu na 1717, an tsamo kayan adon zinariya na mutanen Akan, na ƙasar Gana ta yau, a cikinsa.

Tambaya: Ni dattijo ne, jikana yana cikin irin wannan wasa, kuma raina bai kwanta ba. A lokacin da 'yan bindiga ke tare hanya suna sace mutane, ina hikimar sa wa yara kayan 'yan fashi a yi musu tafi? Daga wani dattijo, Yakasai.

Amsa: Allah ya ƙara girma, Baba. Damuwarku tana kan hanya, kuma ban ga abin da zan rage daga cikinta ba. Fashi fashi ne, a tudu ko a ruwa, kuma hukuncinsa yana nan a Suratul Ma'ida, aya ta 33. Abin da zan roƙa shi ne ku nemi a nuna muku rubutun wasan kafin ku yanke shawara, ku duba ko ya faɗi abin da ya faru a Wida, a Jamhuriyar Benin ta yau, a watan Janairu na 1722. Roberts ya tarar da jirage 11 a can, ya nemi fansar garin zinariya a kan kowanne, da shugaban wani jirgi mai suna Porcupine ya ƙi biya, sai mutanensa suka cinna wa jirgin wuta da bayi kimanin 80 a ciki, a ɗaure cikin mari biyu-biyu. Ku duba kuma ko wasan ya kai ga ƙarshen labarin: bayan jirgin yaƙin Ingila mai suna Swallow ya kama su, an rataye mutum 52 a Cape Coast, baƙaƙen fata fiye da 60 da ke cikin jiragen kuma aka sayar da su bayi ba tare da an saurare su a kotu ba. Wasan da ya ƙunshi waɗannan ya cancanci jikanku ya shiga. Idan kuwa tsalle-tsalle ne da dariya da akwatin zinariya kawai, kuna da hujjar ku je ku sami malamin ku ce a gyara.

Tambaya: Mu ƙungiyar matasa ce, muna so mu kafa sansanin da jama'a za su zagaya su gani kafin a fara wasa. Me 'yan fashin teku suke yi da sansani, kuma me za mu ajiye a ciki? Daga sakataren wata ƙungiya, Gwammaja.

Amsa: Jirgin katako yana tara ciyawa da ƙwarin ruwa masu huda shi, musamman a teku mai ɗumi, kuma tunda 'yan fashi ba su da tashar da za ta karɓe su, sai su nemi wata gaɓa da ba kowa, su sauke kaya da manyan bindigogi, su kwantar da jirgin a gefe ɗaya su kankare gindinsa su shafe da kwalta. A kwanakin wannan aiki ne suke zama a tudu, don haka sansaninku wurin aiki ne, kuma duk abin da ke cikinsa daga jirgi aka sauko da shi. Tanti filafilin jirgi ne da aka yafa a kan doguwar sanda, ita kuma tana kan sanduna biyu da aka gicciya a kowane gefe. Ku haɗa faffaɗan farin yadi mai kauri, ku kalmashe bakinsa a kan igiya, ku yi ramukan ɗauri da zare maimakon zoben ƙarfe. Igiyar rama za ku saya, da turakun itace. Igiyar leda ɗaya ko kujerar roba ɗaya ta isa ta rushe aikin wata guda a idon mai kallo, haka ma ledar ruwa da agogon hannu.

Adakar matuƙi shimfiɗaɗɗen murfi gare ta saboda a kanta yake zama, gindinta ya ɗan fi samanta faɗi don kada ta kife idan jirgi ya karkata, mariƙinta kuma igiya ce da aka kitsa. Ganga ce za ta ba ku wahala, tunda haɗa gangar katako ba sana'ar garin nan ba ce, amma kuna iya jera siraran katako a jikin durom ku ɗaure da tsumagu, domin gangunan wancan lokaci da yawa da itace ake ɗaure su. Akushi da cokalin itace da tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku duk suna kasuwa. Fitila a sa masu aikin gwangwani su huda mata ƙananan ramuka a saka kyandir, wuta kuma da ƙyastu za a kunna, domin ashana ba ta zo ba sai a shekarun 1820. Ku sami dattijon da ya iya ƙyastu ya koya wa mutum biyu, za ku ga nan ne jama'a za su fi taruwa.

A kan wata adaka ku shimfiɗa takardar yarjejeniyar jirgi, a rubuta da gashin tsuntsu da tawadar bagaruwa da ƙarfe. Ta Roberts ta hana caca da kuɗi, ta ce a kashe fitilu da ƙarfe takwas na dare, ta ba shugaba kaso biyu na ganima, ta kuma yanka diyya ga wanda ya rasa hannu ko ƙafa. Abinci kuwa busasshen biskit ne: fulawa da ruwa da ɗan gishiri, a kwaɓa da tauri, a murza kaurin yatsa, a huhhuda, a kai gidan burodi a bar shi a tanda bayan wuta ta lafa har ya bushe sai ka ce tubali. A jiƙa shi a romo kafin a ba yaro, in ba haka ba haƙori zai tafi. Nama kuma a jera shi a kan ragar itace bisa wuta mara ƙarfi, yadda mafarautan tsibirin Hispaniola suke banda, kuma kowane mahauci zai nuna muku tazarar da ta dace tsakanin naman da garwashi. Filin makaranta da tifa ɗaya ta yashi ya fi muku zuwa bakin dam da yara. Idan a hunturu za ku yi, wanda shi ne lokacin da kwat ɗin ulu zai sawu a Kano, ku haƙa murhun a gefen da iska ke kaɗa tartsatsi nesa da tantin, ku ajiye bokitin ruwa biyu da na yashi ɗaya a bayan adaka, kuma mutum ɗaya ya tsaya a wurin har sai an kashe wutar.